Faɗin Yatsa Ɗaya

Ranar Juma'a mutanen Limawa suka sauko daga masallaci suka tarar da huji huɗu a kan bencin Malam Habibullahi. Bayis ɗin da ke ɗaure a wurin ya yi ɓatan dabo.

Sunana Uwaisu, mutumin Aujara, bin sawu ne sana'ata. In an kwance wa mutum saniya, ko an haura katanga an yi gaba da tunkiya, ni ake kira in durƙusa in karanta ƙasa. Shekara ashirin ina wannan aiki, har ta kai in na shiga kasuwa sai ka ga wasu suna satar kallon takalmansu. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Ranar na shigo Dutse sayen maganin ƙafa na Iya, mahaifiyarmu, sai ga wayar Mai Unguwar Limawa, a nan cikin garin, wanda na taɓa gano wa raguna biyu. Kafin la'asar ina ƙofar shagon.

Malam Habibullahi tsohon malamin koyar da aikin ƙarfe ne. Wasu in sun yi ritaya kaji suke kiwo, shi kuwa tsofaffin bayis yake tarawa, ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a bakin benci, a murɗa hannunsa ya damƙe aiki. Yakan tsinto su a wurin 'yan gwangwani sun ci tsatsa, ya jiƙa su a kananzir mako guda, ya kwance su gunduwa-gunduwa, ya kankare, ya shafa giris, ya yi musu fenti. Sha ɗaya ne da shi, kuma ko ɗaya ba na sayarwa ba ne. Mutanen unguwa suna yi masa kallon wanda ritaya ta ɗan taɓa, amma suna ganin girmansa. Ranar Juma'a ba ya kulle shago, kujera kawai yake gittawa a ƙofa, don a ganinsa babu mai ɗaukar zunubi ana huɗuba.

Na same shi yana bin sauran goman ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa hannuwansu yana ƙunƙuni.

"Allah gafarta Malam, yaya kamanninsa?" na tambaye shi.

"Shi ne babbansu. Zai kai kilo arba'in. Shekaranjiya na gama fentinsa, shuɗi." Ya matsa gaba ya murɗa wani. "Ba zai ɓace maka ba. Hannunsa ya rasa kai ɗaya, wani mai hikima ya liƙa masa notin gindin keke. Sannan a gefen hagu akwai tsaga uku da aka yi da zarto, a jere. 'Yata Munira ta ce in cike su kafin fenti, na ce a'a, wanda ya yi su da dalilinsa."

Na san dalilin. Babanmu ne ya yi tsagar nan, ɗaya-ɗaya, duk ranar sunan ɗansa: Yaya Falalu, Kubura, sai ni.

Gara in faɗa tun yanzu. Shekara goma sha biyu da suka wuce Baba ya rasu. Gyaran keke da garma da fartanya yake yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, bayis ɗin nan kuwa shi ne hannunsa na uku. Ko arba'in ba a yi ba, ranar da kowa yake gona, na kwance shi na sayar wa wani ɗan gwangwani mai wucewa. Waya mai kyamara na saya, wadda ta faɗa rijiya kafin kaka. A gida na ce ɓarawo ne. Mutane suka ce to ai kai ne mai bin sawu. Na sunkuyar da kai na yi ta tafiya suna biye da ni har bakin kwalta, na miƙe na ce sawu ya mutu a nan. Yaya Falalu ya gaji sana'ar Baba babu bayis. Da ƙafa da awartaki yake riƙe aiki, har wata rana guduma ta sauka a kan babban yatsansa na hagu, ya warke a karkace. Duk sanda ya miƙo mini hannu a kan ƙwaryar fura sai in kau da kai.

Ga ni tsaye a shagon wani, an ce in nemo abin da ni na fara ɓatarwa. Babu abin da nake so a lokacin sai a rufe maganar nan da wuri, kada wani ya fara tambayar inda bayis ɗin ya fito.

*

An yi ruwa da asuba, ƙasa na da laushi, amma jama'a sun tattake ƙofar shagon kamar an ci kasuwa. Sawu ɗaya ne ya tsira, na tayar baro, a jikin katanga inda ƙafa ba ta kai ba. Na durƙusa, na kalle shi, na miƙe na bi.

Mutane suka biyo ni. Muka ratsa lungu biyu, muka wuce wasu bishiyoyin dabino, kowace ƙofa muka wuce sai ayarin ya ƙaru. Sawun ya kai mu wani fili a gindin dutse, inda tsofaffin ƙarafa suke jibge. Mai wurin, Misbahu, yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin ɗanwake. Siririn mutum ne mai yawan murmushi. Da ya gan mu ya miƙe da kwanon a hannu.

"Lafiya, jama'a?"

"Ka je shagon Malam yau?" na tambaye shi.

"Na je mana. Duk Juma'a da hantsi nake zuwa kwashe gwangwanayen fenti da guntayen ƙarfe. Malam ne ya ce in riƙa zuwa."

Aka birkita tulin ƙarfen nan tas, ba a ga komai ba. Duk ido ya dawo kaina. A nan ya kamata in ce ban tabbata ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Sawu dai nan ya tsaya. In babu shi a nan, to an riga an fitar da shi."

Wani matashi ya kai wa Misbahu mari, ɗanwaken ya watse a ƙasa. Aka fara "ɓarawo, ɓarawo." A bayan zana na hango matarsa Afra'u ta ja 'yarsu ciki tana toshe mata kunne. Da ƙyar Mai Unguwa ya shiga tsakani. Ya yanke cewa Misbahu ya zauna a hannun yayansa zuwa Lahadi bayan la'asar. In bayis bai fito ba, za a miƙa shi ga 'yan sanda, kuma ya kwashe ƙarafansa da iyalinsa ya bar unguwar, don filin ma aro aka ba shi.

Da za a wuce da shi ya tsaya a gabana, kumatunsa ya tasa.

"Malam, don Allah ka sake duba sawun nan da kyau. Babu komai a barona sai gwangwani."

Ba sai na sake dubawa ba. Tun durƙusawar farko na gani. Tayar da ke ɗauke da kilo arba'in a jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta nutse, ta tura yashi gefe da gefe. Wannan da ƙyar ta shafi ƙasar. Yaron da ya yi wata uku yana bina ma zai gane haka.

*

A Dutse na kwana, Asabar da safe na koma Limawa, ba don an kira ni ba. Na ce wa kaina in na samo ɓarawon gaskiya, Misbahu zai fita, ni ma asirina ya zauna a rufe.

Na fara da Mu'az mai walda, wanda shagonsa ke kallon na Malam. An tsegunta mini ya daɗe yana naci a sayar masa da babban bayis ɗin, har sun taɓa sa-in-sa. Na same shi yana liƙa ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya kalle ni sama da ƙasa.

"Yau kuma ni ne? Jiya Misbahu, yau Mu'az, gobe sai limami."

"An ce kana son bayis ɗin."

"Ina sonsa mana! Wa zai ƙi? Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba da kana matsawa yana kuka. Na ce wa Malam bayis ba amarya ba ce da za a yi mata kwalliya a ajiye a ɗaki, ya ba mu mu yi aiki. Ya ce in fita masa daga shago." Ya yi dariya. "Amma ni na goya shi a babur zuwa masallaci, ni na dawo da shi. Sai dai in aljanina ne ya zo ya kwance."

Na juya zan tafi, ya kira ni.

"Kai mai bin sawu, ka duba bencin kuwa? Ɓarawon gwangwani ƙarfe yake sa wa ya ɓamɓare, ya farfasa katakon. Wannan ko ƙwarzane babu. Da sifana aka bi shi a hankali, kamar mai cire wa jariri riga."

Ban duba ba. Jiya ban so ganin komai ba.

Malam ya tafi gaisuwar rasuwa, sai 'yarsa Munira ta buɗe mini shagon. Ɗalibar injiniya ce a jami'a, ita ke taya shi kankara, ita kuma ke ɗaukar bidiyon kowane bayis kafin gyara da bayan gyara ta sa a intanet. Ba ta yi mini fara'a ba.

"Ina cikin gida lokacin," ta ce. "Na ji ƙarar babur, na ɗauka masu sauri ne kada su rasa salla. Da na leƙo daga baya na ga an gyara kujerar an mayar da ita yadda Baba yake gittawa. Ni na fara ganin wurin."

Ta ɗauko wani gwangwanin madara ta miƙo mini. Ƙusoshi huɗu ne a ciki, kowace an mayar mata da notinta.

"Haka na same su. Wane irin ɓarawo ne yake tattala wa mai kaya noti? Na faɗa jiya, babu wanda ya saurare ni, kowa ya bi ka." Ta ciro wayarta. "Ga kuma wannan. Baba kullum a matse yake barin su, yana cewa kada ƙura ta shiga. Dubi yadda na same su."

Hoto ne na bencin. Bayis goma a jere, kowanne bakinsa a ɗan buɗe, kowanne hannunsa a sauke yana kallon ƙasa. Shi ya sa na tarar da Malam yana bin su yana murɗawa.

"Duka goman," ta ce. "Kuma daidai wa daida. Na gwada, yatsana ɗaya ne ke shiga."

Na nemi kujera na zauna. Muryar Baba na ji, kamar yana bayana: "Ƙarfe ma yana gajiya. In kun gama aiki ku sassauta masa faɗin yatsa ya sha iska." Wanda ya manta a cikinmu sai ya sha ranƙwashi. Ban taɓa jin wani maƙeri ko bakanike ya damu da wannan ba, a gidanmu kaɗai ake yi. Mutumin da ya shigo ɗaukar kaya cikin sauri, ana huɗuba, amma ya kasa wuce bayis goma a matse bai sassauta musu ba, mu biyu ne a duniya, ni da Yaya Falalu. Ni kuwa ina kantin magani.

"Akwai baƙon da ya zo kwanan nan?" na tambaya.

"Ranar Laraba. Wani dattijo-dattijo, ya ce bidiyo aka nuna masa. Ya daɗe yana shafa tsagar nan uku. Ya tambayi Baba inda ya samo shi, Baba ya ce a wurin 'yan gwangwani. Bai sake cewa komai ba ya tafi."

"Babban yatsansa na hagu a karkace yake?"

Ta zuba mini ido. "Malam Uwaisu, yaya aka yi ka sani?"

*

Da azahar na sauka a Aujara. Tun daga nesa na hango shuɗin fenti a gindin darbejiya. Yaya Falalu ko ɓoye shi bai yi ba. Bayis ɗin yana zaune daram a kan tsohon bencin Baba, a hujin nan huɗu da suka shekara goma sha biyu a buɗe. Yaya Falalu ya damƙe bakin garma a ciki yana goga da hannu biyu, yana waƙa. Ban tuna rabon da in ji shi yana waƙa ba. Iya, wadda ƙafa ta hana ta fita tun bara, an shimfiɗa mata tabarma a inuwa tana kallo.

"Uwaisu!" Ya ajiye magagari ya taro ni. "Zo ka ga ikon Allah! Abin da ya gagare ka, ni da ban san sawun jaki ba na samo shi. A wayar yaran masallaci na gan shi."

Iya ta yafito ni, ta kama hannuna ta ɗora a kan tsaga ta uku. "Taka ce wannan. Ranar sunanka ya yi ta, ana ruwa."

Na ja Yaya gefe na ce masa a Dutse ana cewa sata aka yi.

"Sata? Kayan ubana? Su aka sayar wa kayan sata. Na so in yi wa Malamin bayani, sai na ga wa zai yarda da mai gyaran garma a gaban ɗan boko? Na ɗauki abinmu, ban taɓa musu ko allura ba. Sallar ma a hanya na same ta."

"Yaya, an kama wani a kai. Ɗan gwangwani ne, mai mata da 'ya. An mare shi. Gobe za a kai shi wurin 'yan sanda."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. "Inna lillahi. Wa ya ce shi ne?"

"Ni."

Ya kalle ni. Sannan ya dafa kafaɗata da hannun nan na hagu.

"Kuskure ne, kowa na yi. Gobe mu je tare. In faɗa musu ni ne, kai kuma ka shaida cewa sace mana aka yi tun farko. Ai kai ka bi sawun. Maganarka za su ji."

Ga wuri, ga lokaci, babu kowa sai mu biyu. Na buɗe baki. Iya ta yi dariya a bayanmu don wata maƙwabciya ta zo ganin bayis. Na ce, "To, Yaya."

*

Lahadi bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa. An shimfiɗa tabarmi. Malam Habibullahi na gefen dama, Mu'az na tsugune kusa da shi, Munira na tsaye daga bakin zaure. Misbahu aka zaunar a tsakiya shi kaɗai, rigar Juma'a ce har yanzu a jikinsa. Rabin unguwa ya zo kallo.

Sai ga mu a kan babur, bayis ɗaure da roba a tsakaninmu. Wurin ya ɗauki hayaniya. Yaya Falalu ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauka. Wannan bawan Allah bai san komai ba."

Ya ba da labarin tiryan-tiryan: tsaga uku, notin gindin keke, rasuwar Baba, da ɓarawon da ya shigo ana cikin makoki. Ya nuna yatsansa. Mutane suka fara gyaɗa kai, wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki."

Malam Habibullahi ya gyara zama, fuskarsa a murtuke. "Wato ni ake cewa na ajiye kayan sata a gidana? Ni da hannuna na saye shi, rana tsaka."

"A hannun wa, Malam?" in ji Mai Unguwa.

Malam ya kalli tsakiyar tabarma. "A wurin Misbahu."

"Ranka ya daɗe, a cikin lodin da na saro a kasuwar Shuwarin ya zo," Misbahu ya ce da sauri. "Ya bi hannu ya fi goma kafin ni. Shekara goma sha biyu da suka wuce ina ƙauye ina noma!"

Amma wa ke jin sa? Matashin da ya mare shi ya ɗaga murya ya ce ai ga shi nan, ko bai sata ranar Juma'a ba, dillalin kayan sata ne. Wasu suka ce gaskiya ne, irinsu ne ke sa ana cire wa mutane ƙofofi. Na ga Misbahu ya sunkuyar da kai kamar wanda ya gaji da iyo. An wanke shi daga ƙaryata ta shekaranjiya, ga shi zai nutse a ƙaryata ta shekara goma sha biyu.

Mai Unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Uwaisu, kai ka bi sawun a wancan lokacin. Kai ne shaida. An sace bayis ɗin nan daga gidanku?"

Yaya Falalu ya juyo yana yi mini murmushin ƙarfafa gwiwa. Na kalli ƙasa, don ita kaɗai na iya kallo.

"Ranka ya daɗe, ba a sace shi ba. Ni na kwance shi na sayar. Waya na saya da kuɗin. Babu wani ɓarawo, babu wani sawu, yawo kawai na yi da mutane zuwa bakin kwalta." Sannan na ci gaba. "Shekaranjiya ma da na ji kamanninsa na gane shi. Na ga baron Misbahu babu nauyi a cikinsa, na san ba shi ba ne. Na nuna shi don a rufe maganar da wuri."

Babu wanda ya zage ni. Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Mu'az ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Mai Unguwa, wanda ya sha yabona a gaban mutane, ya kau da fuska.

Yaya Falalu bai motsa ba. Can ya yi magana, a hankali, ba ni yake kallo ba.

"Shekara goma sha biyu duk wanda ya ce sawu ya taɓa gagarar ƙanina sai mun yi faɗa. Ina ce musu ba gagararsa ya yi ba, hawaye ne ya rufe masa ido, uban da ya rasa. Har a kasuwa na taɓa cakumar wuyan mutum a kan haka." Ya kalli yatsansa. "Ashe ni ne ɓarawon Limawa. Ana huɗuba."

Ya ja gwiwa zuwa gaban Misbahu, wanda ya girme wa nesa ba kusa ba, ya roƙe shi gafara. Misbahu ya ɗaga shi da sauri. Da na matso ni ma na durƙusa, bai ɗaga ni ba.

"Na yafe maka don Allah," ya ce. "Amma 'yata ta ji an kira ubanta ɓarawo. Hanyar da ka bi ka kawo mini jama'a, ita za ka sake bi, ƙofa-ƙofa, ka faɗa musu abin da ka faɗa a nan. Ka ƙare a ƙofar gidana, da ƙarfi, yadda za ta ji."

Na bi. Lungu biyu ne da 'yan dabino, shekaranjiya cikin minti goma na ratsa su ina taƙama. Ranar sai da na ji kamar a ƙafa na tafi Kano. Mata na leƙowa, yara na biye da ni. A ƙofar ƙarshe Afra'u ta ɗaga zana, ta tsayar da yarinyar a gabanta har na gama.

*

Da na dawo na tarar da su a shago. Yaya Falalu ya mayar da bayis ɗin kan bencin Malam, yana ɗaure noti na huɗu. Munira na riƙe masa da gwangwanin madara.

"Malam Falalu, ka tafi da shi," in ji Malam Habibullahi. Fushinsa ya tafi. "Ni tara su nake don kada a narkar da su. Wannan yana da gida. Kuma shekara talatin ina koyar da aikin ƙarfe, ban taɓa tunanin a sassauta musu ba."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Amma sayar da shi aka yi, kai kuma ka saya da halalinka. In na gan shi a gindin darbejiya yanzu, ba Baba zan riƙa tunawa ba."

Malam ya yi ta roƙo, Mu'az ma ya sa baki, ya ƙi. Ya ajiye sifana. Ya kama hannun bayis ɗin ya murɗa baya kaɗan, ya sa karkataccen yatsansa a bakin ya gwada, ya sauke hannun ya kalli ƙasa. Ya shafa tsagar nan uku, daga ta farko zuwa ta biyu. A nan hannunsa ya tsaya.

A waje ya naɗe robar ya tura a ƙarƙashin kujerar babur. Na matso zan hau bayansa, kamar yadda muka zo.

"Iya ta ce a shimfiɗa mata tabarma a waje, tana jiran mu dawo da shi," ya ce, yana kallon gabansa. "Ni zan wuce gona. Kai za ka faɗa mata."

Ya tayar da babur ya tafi.

Na tsaya ina kallon ƙasa, don hali ba ya barin mutum. Sawun tayarsa ya fito sarai a kan yashi mai laima, ta baya da ƙyar ta nutse. Babur ne da babu kaya, babu kowa a baya. Na bi shi a ƙafa har bakin kwalta, inda ya mutu da gaske, na tsaya jiran motar Aujara da maganin Iya da har yanzu ban ba ta ba a aljihuna.